Lakuros a Jami'ar Maryland: Inda Mata Suka Fi Maza Tara Kofuna

A ƙarshen watan Mayun 2017, cikin kwana biyu kacal, Jami'ar Maryland ta kwashe kofuna biyu na gasar lakuros ta jami'o'in Amurka. Ranar Lahadi matan jami'ar suka doke Boston College da ci 16 da 13, kashegari maza suka casa Ohio State da ci 9 da 6, duk a filin wasa guda a garin Foxborough. Rabon mazan da kofin tun 1975, shekara 42 ke nan, kuma sau tara suna kaiwa wasan ƙarshe a tsakani ana koro su. Su kuwa matan, wannan shi ne kofinsu na 13.

Lakuros wasa ne da ake yi da sanda mai 'yar raga a ƙarshenta. Da ragar ake cafe ƙwallon roba mai tauri, wanda bai kai girman lemun zaƙi ba, a ruga da shi, a miƙa wa abokin wasa, a jefa cikin ragar abokan hamayya mai faɗin ƙafa shida da tsayin ƙafa shida. Asalinsa na 'yan asalin nahiyar Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, waɗanda ke ɗaukarsa a matsayin baiwa daga Mahalicci. Wani likitan haƙori a Montreal ta Kanada, William George Beers, shi ya tsara masa dokokin zamani a 1867.

Wanda ya kalli wasan maza sannan ya kalli na mata zai yi zaton wasanni biyu ne dabam, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Maza goma-goma suke shiga fili, da hular kwano da safar hannu mai kauri da kariyar kafaɗa, domin doka ta yarda a bangaje mai riƙe da ƙwallo. Mata a jami'a sha biyu-biyu ne, ba bangaza, kuma in ban da mai tsaron raga, abin da aka wajabta musu shi ne kariyar ido da ta haƙora. Aljihun ragar sandarsu bai kai na maza zurfi ba, saboda haka ƙwallo ya fi saurin suɓucewa, sai mai gwanintar hannu ke iya riƙe shi a guje. Har yau ana tafka muhawara kan ko a tilasta wa mata sa hular kwano. Masu adawa na ganin ranar da aka yi haka, ranar za a fara duka.

Bambancin ya samo asali daga tarihi. Wasan mata ya faro ne a makarantar St Leonards ta Sukotilan a 1890, sai wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ta kafa ƙungiya a makarantar Bryn Mawr da ke Baltimore a 1926. Baltimore kuwa a jihar Maryland take, jihar da ta ayyana lakuros a matsayin wasanta na ƙungiya a hukumance a 2004.

Amma son wasa kaɗai ba ya biyan mai horarwa. Abin da ya sauya lamarin shi ne dokar ilimi ta 1972 da aka fi sani da Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Dole jami'o'i suka buɗe wa mata ƙofar tallafin karatu, filaye da kuɗin tafiye-tafiye. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar maza a 1971, ta mata sai 1982.

Maryland ta ci moriyar wannan dama fiye da kowa. A ƙarƙashin Cindy Timchal, matan sun ɗauki kofi sau bakwai a jere daga 1995 zuwa 2001. Cathy Reese, wadda ta yi wasa a hannun Timchal, ta karɓi ragamar ƙungiyar ta ƙaro biyar, na baya a 2019, jimilla 14 na NCAA in an haɗa da biyun da aka ci kafin 1995. Taylor Cummings ta lashe kyautar Tewaaraton ta gwarzon shekara sau uku a jere, daga 2014 zuwa 2016. Mazan, duk da sun fi cika fili da 'yan kallo, kofunan NCAA huɗu suke da su: 1973, 1975, 2017 da 2022, shekarar da John Tillman ya jagorance su suka ci wasanni 18 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Duk wanda ke kallon ƙungiyar matan a matsayin 'yar rakiya, to bai duba lissafi ba.

Masu son ganin wasan da idonsu su saurari gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, inda lakuros zai dawo a matsayin gasar lambobin yabo karon farko tun 1908, da 'yan wasa shida-shida, ɓangaren maza da na mata.