Ranar da kasuwannin Dakar suka ƙi ci

A ƙarshen watan Mayu na shekara ta 1914, boyi-boyin gidajen Nasara a birnin Dakar sun yi kwanaki suna zuwa kasuwa da kwando, suna komawa da shi wayam. Masunta ƴan ƙabilar Lebu, waɗanda su ne masu gari tun asali, ba su kawo kifi ba. Mata masu kayan lambu sun yi zamansu a gida. Wanda ma ya fito da kaya ya ƙi sayar wa Bature ko yaronsa. Kusan kwana biyar aka yi a haka, a babban birnin da ake mulkin dukan Afirka ta Yamma ta Faransa daga cikinsa, har da ƙasar Nijar, wadda a lokacin yankin soja ce mai hedkwata a Damagaram.

Abin mamaki, ba don lampo aka rufe kasuwa ba, ba kuma don aikin tilas ba. Mutane sun tayar da ƙayar baya ne a kan aikin kiwon lafiya, wato abin da hukuma ke cewa don amfaninsu take yi.

Kafin a fahimci wannan rigima, sai an koma baya kaɗan. Faransawa sun kafa tutarsu a Dakar cikin 1857, lokacin da wurin ƙauyukan masunta ne kawai a bakin teku, daura da tsibirin Gore. Garin bai soma motsi ba sai da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa shi da San-Luwi a 1885, gyaɗa ta fara gangarowa zuwa tashar jiragen ruwa. A 1887 aka ba shi matsayin komin mai cikakken iko, da magajin gari da majalisa ta zaɓe, kamar San-Luwi da Gore da Rufisk. Mazan da aka haifa a waɗannan garuruwa huɗu suna da ƙuri'a, har suna aika dipite majalisar dokoki ta Pari. Sauran baƙar fata na yankin kuwa, daga bakin teku har Tafkin Cadi, talakawan mallaka ne, sai abin da kwamandan ya ce.

A 1900 ciwon shawara ya faɗa wa Senegal, ya kashe Turawa da yawa, saura suka yi rububin shiga jirgin ruwa. Wannan tsoro bai saki hukuma ba. Da aka mai da Dakar babban birni a 1902, sabon gwamna-janar, Ernest Roume, ya sa gyaran garin a gaban kome. Ya ciyo bashin faran miliyon 65 a 1903, ya ƙara miliyon 100 a 1907, don hanyoyin jirgin ƙasa da tashoshin ruwa da tsabtace garuruwa. A Dakar aka zurfafa tashar jirage, aka cike fadamun da sauro ke haihuwa, aka gina magudanan ƙarƙashin ƙasa, aka jawo ruwan famfo, aka shimfiɗa tituna. Aka kafa ma'aikatar tsabta, da masu dubagari da ke shiga gida-gida suna leƙa randuna, suna cin tarar duk matar da aka samu tsutsar sauro a ruwanta. A 1905 kuma aka buɗe sashen kula da lafiyar ƴan ƙasa kyauta, wanda tsofaffin ma'aikata suka sani da sunan AMI.

Ɗan kasuwa zai so ya san wanda ya biya. Dokar 1904 ta tattara kuɗin duwan na dukan ƙasashen yankin cikin asusu guda a Dakar, kuma daga nan ake biyan bashin. Ke nan duk wanda ya sayi turmin atamfa ko gishirin da ya shigo ta Kwatano ko Konakiri ya sa hannunsa a ginin magudanan Dakar, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Aikin an yi shi, ba a musu. Sai dai famfo da magudana da fitilun titi sun tsaya ne a Filato, unguwar ofisoshi da manyan kantuna. Dokokin tsabta kuma suka hana gini da ciyawa a tsakiyar gari. Ga Lebu, wanda gidansa na kara ne ko na katako, kuma filin gadon kakanninsa ne, ma'anar dokar a fili take: ko ka yi ginin siminti, ko ka tashi. Ƴan kasuwar Bordo kuwa sun daɗe da zuba ido a kan waɗannan filaye da ke dab da tashar jirage.

A cikin wannan hali aka shiga zaɓen 1914. Ranar 10 ga Mayu, Blaise Diagne, tsohon ma'aikacin duwan haifaffen Gore, ya ci kujerar dipite, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya samu wannan matsayi. Ƙuri'un Lebu na cikin waɗanda suka ɗora shi, ba da son manyan kamfanoni da majalisar gari ba. Kwana uku bayan haka, ranar 13 ga wata, hukuma ta ba da sanarwar cewa annobar da Faransawa ke kira « peste » ta shigo gari.

Cutar gaskiya ce, kuma tun watan Afrilu take kisa. Likitoci sun san ta sarai: Yersin ya gano ƙwayarta a Hong Kong a 1894, Simond ya nuna a 1898 cewa ƙumar jikin ɓera ce ke kai ta ga mutum. Amma dubi matakan da aka ɗauka. Gidan Bature ko sito na siminti, in an samu cuta a ciki, feshin magani ake yi masa. Gidan ciyawa ko na katako, wuta ake cinna masa, sau da yawa har da na maƙwabta. Alhali ɓera bai san launin fata ba, ya fi ma son siton hatsi da gyaɗa, kuma in aka ƙone gida sai ya tsere da ƙumarsa zuwa na gaba. Aka kewaye unguwanni da soja. Aka wajabta wa baƙar fata allurar rigakafi ta Haffkine, wadda ke sa zazzaɓi kuma kariyarta ba ta da ƙarfi, aka ce ba mai wucewa sai da takardar shaida. Bature kuwa ya wuce abinsa. Aka sa hannu har a cikin sha'anin jana'iza, abin da ya fi kome ƙona ran Musulmi.

Mutumin da ya jefa ƙuri'a ranar Lahadi, aka ƙone masa gida kafin mako biyu, da wuya a gamsar da shi cewa ba ramuwar gayya ba ce. Jama'a suka fara ɓoye marasa lafiya, suna binne matattu da dare, wanda hakan ya ƙara wa annoba ƙarfi. Daga nan aka yi zanga-zanga zuwa ofishin magajin gari, sannan aka rufe kasuwa.

Gwamna-janar na lokacin, William Ponty, wanda daga baya aka sa wa babbar lakkol ta horar da ma'aikata sunansa, mutum ne da ya san ƙasa. Ya ga cewa garin da ba ya ci ba ya mulkuwa. Ya sa aka dakatar da ƙone-ƙone, aka sassauta shingen, kasuwa ta koma ci. Ya kuma nemi taimakon malamai, musamman Alhaji Malik Sy na Tiwawan, babban shehin Tijjaniyya, wanda ya yi kira ga almajiransa su karɓi magani.

Da damina ta sauka cutar ta sake tashi, masu ra'ayin raba gari biyu suka samu abin da suke nema. A watan Yuli aka yanke shawarar kafa sabuwar unguwa ta baƙar fata a bayan gari, aka bar fili mai faɗin ɗarurruwan mita tsakaninta da Filato wanda ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. A takardun hukuma sunanta ƙauyen wariya. Jama'a suka san ta da Madina. An yanka ta kare-kare, tituna a miƙe kamar an ja da zare, abin sha'awa a kan taswira. A ƙasa kuwa kwari ne mai rairayi da ruwa ke kwanciya, ba magudana, ba wutar lantarki, ruwan sha da ƙyar. Wato an kwashe mutane da sunan tsabta an kai su inda ya fi rashin tsabta. Kusan mutum 3,000 aka tura can a watannin farko, galibinsu baƙi ƴan ci-rani waɗanda ba su da ƙuri'a, ba su da mai tsaya musu.

Lebu masu ƙuri'a sun ƙi tashi. Ranar 9 ga Nuwamba, da soja suka nufi wata unguwarsu don ci gaba da ƙonawa, suka tarar da dubban mutane sun tare hanya, wasu da makamai. A lokacin Faransa ta riga ta shiga yaƙi da Jamus tun watan Agusta, tana bukatar tashar Dakar, tana bukatar sojan Afirka. Diagne kuma yana Faransa yana ta kai da komo a ofishin ministan ƙasashen mallaka. Ponty ya hana a yi harbi, ya janye soja. Da yawa daga iyalan Lebu suka ci gaba da zama a filayensu na tsakiyar gari.

Annobar ta lafa a watan Janairu na 1915. Lissafin hukuma ya nuna ta kashe sama da mutum 1,400 a garin da jama'arsa ba su kai 30,000 ba, ban da waɗanda aka binne a ɓoye. An ƙone gidaje fiye da 1,500. Ponty kansa ya rasu a Dakar a watan Yuni na wannan shekara.

Darussa biyu hukumar mallaka ta ɗauka, kuma ba su jitu da juna ba. Na farko, ta gane ba a yi wa mutane magani sai da ɗan'uwansu a tsakani: a 1918 aka buɗe makarantar likitoci ta Dakar a ƙarƙashin Aristide Le Dantec, kusa da asibitin ƴan ƙasa da daga baya ya ɗauki sunansa. Daga nan aka yaye likitoci da ungozomomin da suka riƙe ɗakunan shan magani na yankin har zuwa samun ƴancin kai. Houphouët-Boigny na cikinsu. Na biyu, ta ga cewa magajin gari na zaɓe yana da wuyar juyawa, balle da Diagne kansa ya hau kujerar a 1920. Don haka a 1924 aka ware Dakar da kewayenta aka ɗora su a hannun wani babban jami'i da gwamna-janar ke naɗawa, aka karɓe harkar tsabta da tituna da tsaro daga hannun zaɓaɓɓu. Haka aka zauna har 1946.

Tsarin gari biyu bai tsaya a bakin teku ba. Da aka mai da hedkwatar Nijar Yamai a 1926, masu zanen gari sun aza unguwar Nasara a kan tudu, ita ma Filato, suka bar kwarin Gunti Yena ya raba ta da unguwannin ƴan ƙasa.

Madina ta jira har shekarun 1930 kafin ta ga babban gidan likita nata, amma ta cika ta batse, ta zama zuciyar Dakar. A cikinta aka haifi mawaƙi Youssou N'Dour a 1959. Ita kuwa cutar ɓeraye ta yi ta komowa Senegal shekara talatin. Ba ta ɗauke ƙafa daga Dakar ba sai bayan annobar 1944, lokacin da sojan Amurka da ke zaune a garin saboda yaƙin duniya na biyu suka kawo hodar DDT, aka bi gidaje da tufafin mutane ana barbaɗawa don kashe ƙuma.