Katantanwar Ruwan Bakolori: Yadda Ake Gane Mai Cuta Da Marar Cuta

Tun da aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ruwa ya sami wurin zama a ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, rani da damina. Manoman shinkafa sun amfana. Amma inda ruwa ya kwanta, nan katantanwa take yaɗuwa, cikinta kuwa akwai wadda ke renon tsargiya, watau fitsarin jini. Saboda haka ya wajaba mutanen Garbadu da maƙwabtansu su san irinta.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar wannan cuta a Alƙahira cikin 1851. Cikin 1915 kuma Robert Leiper, mutumin Birtaniya, ya tabbatar a Masar cewa sai ta bi ta jikin katantanwa kafin ta kama mutum. Ga yadda abin yake: mai cutar ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga katantanwa su hayayyafa kamar wata guda, sa'an nan su fito dubbai, galibi da tsakar rana, su huda fatar wanda ya shiga ruwan. To, tsakar rana kuwa ita ce lokacin iyon yara da almajirai.

Iri huɗu ne suka fi cancantar a sani. Kada a taɓa su da hannu. A ɗebo da ludayi, a tsai da tsinin sama, bakin yana fuskantar mai dubawa.

Ta farko ƙarama ce, misalin ƙwayar gyaɗa, ba ta da murfi, bakinta yana hagu. Masana suna ce mata Bulinus. Ita ce uwar tsargiya. Tana maƙalewa ƙarƙashin ganyen bado da ciyawar bakin ruwa, in tafki ya ƙafe kuma sai ta shige laka ta jira damina.

Ta biyu shimfiɗaɗɗiya ce, a naɗe kamar ɗan faifai, sunanta Biomphalaria. Ita ke ɗauke da 'yar'uwar cutar, wadda ke kama hanji da hanta, har a ga jini a bayan gida.

Ta uku bakinta yana dama, mai faɗi, ɓawonta marar kauri, ana ce mata Lymnaea. Dabbobi take cuta. Tsutsarta tana manne wa ciyawar fadama, shanu da tumaki su ci, mahauci ya tarar da hanta ta lalace.

Ta huɗu ita ce babbar nan mai murfi a baki. Ba ta ɗauke da tsargiya, ko da yake ita ta fi cika ido. Ƙananan da ake rainawa su ne abin tsoro.

Wasu suna cewa fitsarin jini alamar balaga ce, wasu su ce zafin rana ne. Wannan kuskure ne babba. In an bar cutar, takan shanye jinin yaro, ta raunana karatunsa, ta ɓata masa tufafin salla, in ta daɗe kuma ta lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta ƙwaya ce, praziquantel, ma'aikatan lafiya suna ba da ita gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa. Amma wanda ya warke ya koma ruwan, lalle zai sake kamuwa.

Don haka a hana bawali da bayan gida a bakin ruwa, gama nan ne tushen cutar. A riƙa share ciyawar magudanai. Ruwan wanka da na alwala, in daga tafki aka ɗebo, a tafasa shi ko a bar shi cikin randa kwana 2, domin tsutsar ba ta daɗewa in ba ta sami jiki ba. Malamai da iyaye su tambayi yara launin fitsarinsu, kada kunya ta sa a ɓoye. Allah ya kiyaye, amin.