Tsatsa ba ajalin keke ba ce

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, ko da yake babura sun yawaita, har yanzu keke yana da matsayi a gidan talaka. Shi ke kai manomi garkar albasa a kwarin Tarka, shi ke ɗaukar tabarmin kaba zuwa kasuwar Madawa, shi ke kai ɗan lakwal daga ƙauye zuwa aji. Amma a gidaje da yawa akan tarar da tsohon Raleigh ko Phoenix jingine a gindin rumbu, sarƙarsa ta yi ja ta sandare, mai shi ya fid da rai. Alhali sau da yawa wanki kawai yake bukata.

Tsatsa tana kama ƙarfe ne idan ruwa da iska suka taru a kansa. Daga watan Yuni zuwa Satumba mai keke yana ratsa koramu da laka. In ya jingine shi bai goge ba, ƴan kwanaki kaɗan sun isa sarƙa ta soma ja. Da hunturu kuma ƙura ce ke shanye ɗan man da ya saura.

Irin wannan sarƙa, Hans Renold ne ya ƙago ta a birnin Mancesta na Ingila a 1880. Kowace gaɓa tana da ɗan ƙusa a tsakiya da ɗan zobe mai juyawa a kansa. A can ciki ake bukatar mai, ba a waje ba. Shi ya sa babban kuskure ne a kwarara baƙin man mota a kan sarƙa mai datti. Mai da rairayi in suka gauraya sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin ƙarfe. Man gyaɗa kuwa daskarewa yake yi ya zama danƙo.

Hanyar da ta dace ita ce a cire sarƙar, a jiƙa ta cikin kananzir ta kwana, nesa da wuta da hannun yara. Kada a yi amfani da fetur, domin saurin kama wuta gare shi. Da safe a goge ta da buroshin waya, a bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ana lanƙwasawa har kowace ta saki. Sai a shanya ta ta bushe sarai, a ɗiga mai mai tsabta, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan a share na waje da tsumma. In an mayar da ita, kada a ɗaure ta tamau. A bar ta tana motsi sama da ƙasa kamar santimita 1.

Faranti mai haƙora na wajen feda, da ƙaramin na ƙafar baya, su ma a goge tsakanin haƙoransu. Cikin na bayan akwai ƴan harsunan ƙarfe da ke kamawa in an taka feda. Idan tsatsa ta riƙe su, feda sai ta yi ta juyawa a banza. A kwantar da keken, a ɗiga kananzir a tsagar, a juya har a ji ƙararsu ta dawo, sannan a bi da mai marar kauri.

Sai dai ba kowace sarƙa ce ke gyaruwa ba, kuma awo ke raba gardama. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12,7 ne. Wato in an miƙe ta aka ƙirga tazara 24, za a sami santimita 30 da rabi. Idan awon ya zarce haka da milimita 3, sarƙar ta gama aiki. Haka nan wadda gefenta ya tsage, ko tsatsa ta yi mata ramuka. Irin wannan takan tsinke ne a daidai lokacin da aka taka da ƙarfi, a kan hawa da kaya a baya, kuma hanyoyin Buza da Keita ba su rasa hawa da duwatsu ba. In haƙoran farantin baya sun yi tsini kamar ƙaya, a sake shi tare da sarƙar, domin sabuwar sarƙa zamewa take yi a kan tsofaffin haƙora.

Saboda haka ya kamata kowane mai keke ya goge sarƙarsa duk ranar da ya shiga ruwa, ya ajiye keken a ƙarƙashin rumfa, ya kuma sa mai da zarar ya ji ta soma kuka. Malaman yaƙi da jahilci su ma za su iya mayar da wannan awo darasin lissafi, da sarƙa da ma'auni a hannun ɗalibai. Hausawa dai sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.