3.4 Ma'ana da Amfanin Kalmomin "Vacancy" da "Vacant" a Yankin Kazaure

A wannan sashe za a dubi kalmomin Ingilishi guda biyu da ake yawan gani a allunan sanarwa na ma'aikatu, makarantu da masaukan baƙi a Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa. Kalmomin su ne "vacancy" da "vacant". Dukkansu sun samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin kasancewa babu kowa a wuri. Ta farko suna ce, ta biyu kuwa sifa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a 1991, aka buɗe sababbin ma'aikatu da makarantu a yankin, kamar Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. Da yake Ingilishi ne harshen hukuma, da shi ake rubuta sanarwar ɗaukar ma'aikata, kuma ta nan ne waɗannan kalmomi suke isa ga jama'a.

Abin lura shi ne, kalma ɗaya ta Ingilishi tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda Hausa ta rarrabe. Idan aiki ake nufi, Bahaushe kan ce "gurbi", jam'i "gurabe", alal misali, "akwai guraben malamai". Idan kuwa ɗaki ne, sai ya ce "akwai ɗaki" ko "ɗakin ba kowa". Saboda haka, "No Vacancy" a ƙofar ma'aikata na nufin ba a ɗaukar aiki, amma a masaukin baƙi yawanci na nufin ɗakuna sun cika. Mai neman aikin da bai san wannan ba yana iya juyawa gida alhali ba da shi ake ba.

Haka kuma, "vacant" ba daidai take da "empty" ba. Ɗakin da ke cike da gado da kujeru yana iya zama "vacant" muddin ba wanda ya kama shi. Ba kuma kango ake nufi ba, domin kango gida ne da aka ƙaurace wa.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa wurin da aka kafa sanarwa shi ke fayyace ma'anar kalmar. Ke nan, wajibi ne mai fassara ya san inda za a liƙa takarda kafin ya zaɓi "gurbi" ko "ɗaki".