Abin da ke sa manhajar binciken kimiyya ta yi aiki a wata kwamfuta ta ƙi a wata

A shekarar 2019, masu binciken sinadarai a Jami'ar Hawaii da ke Amurka sun ci karo da wani abin mamaki. Sun sa manhaja ɗaya ta yi lissafi a kan bayanai iri ɗaya, amma amsar ta bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Mai Windows 10 ta ba da 173.2, mai Ubuntu ta ba da 172.4, mai macOS Mojave kuma ta ba da 172.7.

An rubuta manhajar da harshen Python, aka wallafa ta a mujallar Nature Protocols a 2014, kuma masana da dama sun dogara da ita wajen tantance fasalin sinadarai. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa tana karanto fayiloli kashi biyu ne tana haɗa kowanne da abokinsa, bisa zaton cewa a jere za su zo. Alhali umarnin da ke karanto su bai yi alkawarin wani jeri ba, kowane tsarin kwamfuta da yadda yake jero su. Gyaran bai wuce a sa manhajar ta jera fayilolin kafin ta haɗa su ba. Masu binciken sun bayyana lamarin a mujallar Organic Letters a wannan shekarar.

Irin wannan tangarɗa ce ta sa masu rubuta manhajojin kimiyya ke gwada aikinsu a kan Windows da Linux da macOS duk lokacin da aka yi sauyi. Wani lokaci gwajin kan wuce lafiya a biyu, a na uku kuwa manhajar ta mutu nan take ba tare da wani bayani ba.

Sau da yawa tushen matsalar yana cikin ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta. Manhajojin lissafi masu nauyi galibi da C ko C++ ko Fortran ake rubuta su, kuma waɗannan harsuna ba sa hana manhaja rubutu a gurbin da ba nata ba. Idan gurbin fanko ne, babu abin da zai faru. Idan kuwa wani tsarin ya ajiye muhimmin bayani a wurin, ɓarnar ba za ta fito ba sai can gaba. Don haka inda manhaja ta faɗi daban, inda ta yi tuntuɓe daban.

Akwai kuma bambancin girman lamba. A harshen C, nau'in lambar da ake kira long yana da bit 32 a Windows, amma 64 a Linux da macOS na zamani. Lambar da ta haura 2,147,483,647 za ta zauna daidai a Linux, ta ɓaci a Windows. Sai a 2024, da fitowar NumPy 2.0, wannan shahararriyar manhajar lissafi ta daidaita girman lambarta ta asali a tsarukan.

Wajen gano irin wannan kuskure, matakin farko shi ne a samu hanyar sa shi ya sake faruwa, domin wani yakan ɓace da zarar an fara sa masa ido. Daga nan a yi ta rage gwajin har ya koma 'yan layuka. Umarnin git bisect yana raba tarihin sauye-sauye gida biyu a kai a kai, ta yadda gwaji goma kacal zai iya nuna sauyin da ya jawo matsala cikin guda dubu. Kayan aiki irin su Valgrind da AddressSanitizer kuma suna nuna layin da aka taɓa gurbin da bai dace ba tun a lokacin.

Manhajar da ta mutu ta ma yi wa mai ita adalci, tunda ta sanar da shi akwai matsala. Wadda ta fi haɗari ita ce mai ba da amsar kuskure shiru, kamar ta Hawaii. Shi ya sa ake shawartar ɗalibai da malaman jami'a su riƙa rubuta tsarin kwamfuta da sigar manhajar da suka yi amfani da su, su kuma maimaita lissafin a wata kwamfutar kafin su wallafa sakamako.