Tayar da Kwamfuta daga Filash

Yawancin masu aiki da kwamfuta sun ɗauka na'urar da babbar manhajar da ke sarrafa ta, watau irin su Windows ko Linux, abu guda ne, ba su rabuwa. Ba haka al'amarin yake ba. Sa'ad da aka kunna kwamfuta, akwai wata 'yar manhaja da aka dasa cikin jikinta tun daga masana'anta, ana ce da ita BIOS, a sababbin na'urori kuwa UEFI. Aikinta shi ne ta bi ma'ajiyoyi ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda babbar manhaja take. Bisa al'ada faifan ciki take fara dubawa. Amma in mutum ya sauya wannan jeri, ya ce a fara da kafar USB, to, abin da ke cikin filash shi zai hau mulki, faifan ciki kuwa ya kwana ba a taɓa shi ba.

Dabarar ta girmi filash. A Jamus, cikin 2000, Klaus Knopper ya fito da Knoppix, wani Linux da ke tashi daga faifan CD. A shekarar nan kuma aka fara sayar da filash, sai dai cikinsa ƙarami ne ainun. Wanda IBM ta sayar megabayit 8 kaɗai yake ɗauka. Da cikin ya ƙaru, aka kuma sami USB 3.0 cikin 2008, wanda ya fi na gabansa sauri wajen ninki goma, sai aikin ya koma kan filash.

Wurin da ya kamata malami ya lura shi ne inda aikinsa ke zama. Babbar manhajar tana ƙunshe cikin filash, karanta ta kawai ake yi. Abin da mutum ya rubuta kuwa yana zama a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar, wadda take kamar allon almajiri, da an kashe wuta an wanke. Waɗansu wannan wankewa suke so, shi ya sa aka gina Tails, wanda ya fito cikin 2009, don kada ya bar sawu a na'urar da aka ara. Wanda ke son aikinsa ya kwana, tilas ya keɓe wani sashe na filash inda za a riƙa adana sauye-sauye. Amma fa kowane gurbi na filash yana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge, don haka mai arha ba ya jure irin wannan aiki.

Akwai wata hanya mai sauƙi, ita ce a bar Windows na mai na'ura yadda yake, a ɗauko ƙananan manhajoji kaɗai, kamar LibreOffice ko Firefox, waɗanda aka shirya su yi aiki daga filash ba tare da an girka su ba. John T. Haller ya soma wannan da Firefox cikin 2004. Microsoft kuwa ta gwada nata tsarin tayar da kwamfuta daga filash, Windows To Go, cikin 2012, ta kuma bar shi cikin 2020.

A ganina, mai koyar da Hausa ya fi buƙatar hanya ta farko. Wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar kwaleji yana neman ɓ, ɗ da ƙ, alhali an hana shi girka kome, ya san wahalar. A ƙarshe "ƙafa" ta fito "kafa", ɗalibi kuwa ya kwafa haka. Wanda ya taso da nasa Linux daga aljihu, tsarin madannansa da haruffansa masu lanƙwasa suna tare da shi duk ɗakin da ya shiga. Sai dai ya nemi izinin mai kula da na'urorin tukuna, gama ma'aikatu da yawa sukan kulle BIOS da kalmar sirri, saboda ta filash ƙwayoyin cutar kwamfuta kan shiga.