Injin Ban Ruwa Ya Cije? Kada Ka Tilasta Shi

'Yan'uwa manoma na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, kaka ta yi, an fara gyaran lambu. Yanzu ne ake fito da injin ban ruwa daga inda ya kwana tun watan Yuni. Wani ya ja igiya, sai ya ji ta tsaya cik. Nan da nan a ce inji ya buga. Sau da yawa ba haka ba ne.

A shekarun 1980, sa'ad da ƙasar nan take cikin Jihar Kano, kafin a kafa Jigawa a 1991, hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injunan fetur a fadamu, suka maye gurbin jigo. Amma jigo ba ya tsatsa. Inji kuwa yana yi.

Bugawa dabam, cijewa dabam. Inji yakan buga yana cikin aiki, don rashin baƙin mai ko yawan zafi. Wanda aka ajiye shi lafiya, laimar damina ce takan shiga ta salansa ta bi bawul da aka bari a buɗe, zoben fistin ya yi tsatsa ya manne. In ka sa ƙarfi, sai zobe ya karye, ya kankare silinda, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya cinye kuɗin taki, dashen tumatir kuma yana bushewa.

To, ga yadda za ka bincika, daki daki.

Da fari, kwance gidan igiya. Ƙura ko tsatsa kan hana ta motsi, alhali inji lafiya lau.

Na biyu, cire fulogi, ka juya inji da hannu. In ruwa ko mai ya feso ta ramin, to, shi ne ya cika silinda ya tokare fistin.

Na uku, buɗe gidan famfo. Ruwan fadama yana zuwa da yashi da laka. In an bar su suka bushe, sai su riƙe farfela ƙam, ita kuma ta riƙe inji duka. Wanke ta, ka sāke gwadawa.

Na huɗu, duba baƙin mai. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, tsaya nan. Wannan aikin bakanike ne.

In duk waɗannan lafiya, saura fistin. Haɗa kananzir da baƙin mai, ka zuba kaɗan ta ramin fulogi, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sa'an nan ka ɗora sifana, ka riƙa motsa inji gaba da baya a hankali. Ban da guduma. In ya saki, ja igiya ba fulogi domin man ya fita, ka zuba sabon baƙin mai da sabon fetur kafin ka tayar. In mako ya wuce bai motsa ba, kai shi wurin bakanike.

Rigakafi ya fi magani. Ran da ka gama ban ruwa, tsiyaye ruwan famfo da fetur duka, ka canja baƙin mai. Zuba mai cokalin shayi ɗaya ta ramin fulogi, ka ja igiya sau biyu ko uku, ka mai da fulogi. Daga nan ja a hankali har ka ji ta yi nauyi, watau bawul duka sun rufe ke nan. Ɗora shi a kan katako cikin ɗakin da ba ya yoyo.

Kayan aiki amana ce daga wurin Ubangiji. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa na lambu. Allah ya ba mu rani mai albarka.